Filin Mama: Fasto ya ba ni yaro in riƙe shi cikin bangaskiya, ta ina zan fara?

Salama gare ku 'ya'yana da jikokina, sannunku da sanyi. Wannan watan saƙonni sun yi yawa har wayata ta fara ƙin buɗewa, sai da jikata ta zauna ta share min hotunan barka da safiya da kuke ta turowa, dan Allah a rage. Na tsamo guda 3 don duk hanyarsu ɗaya ce, maganar riƙon wani cikin bangaskiya. Kamar kullum na cire sunaye.

TAMBAYA: Mama ina gaishe ki cikin sunan Yesu. Ni matashi ne shekarata 29, ina aikin walda a Sabon Tasha Kaduna kuma ina cikin kwaya, wato ƙungiyar mawaƙa, a cocinmu. Bayan taron farkawa da muka yi watan jiya wani yaro ɗan shekara 19 ya fito gaba ya tuba, da can yana shaye-shaye, sai fasto ya kira ni yace in riƙe shi in almajirantar da shi. Mama ni ban je makarantar Baibul ba, sakandare ma da ƙyar na gama, kuma ni kaina ina da nawa, saurin fushi ne da ni. Mun zauna sau biyu na buɗe Littafi na karanta masa sai shiru, shi yana ta danna waya ni kuma na rasa abin faɗa. In koma in ce wa fasto ya nemi wani ne?

AMSA: Ɗana sannu da aiki. Kar ka koma wurin fasto tukuna, zauna mu yi magana. Waldar nan da kake cin abinci da ita a wane aji aka koya maka? Nasan ogan naka bai taɓa ɗauko allo da alli ba, wata nawa kayi kana share shago kana miƙa ƙarfe kana sayo masa abinci kana dai kallon yadda yake riƙe hannu, wata rana yace riƙe nan, wata rana yace ɗiga nan, ka ɓata ƙarfe yayi maka faɗa ya gyara, kwana biyu idonka na zubar da ruwa saboda ka ƙi sa baƙin gilashi, yau gashi kai kaɗai kana haɗa ƙofa da taga. To abin da fasto ya ce kayi kenan fa, kai ne ka ɗauka lacca aka ce ka bayar.

Ka buɗe Markus 3:14 ka gani. Da Ubangiji ya zaɓi mutum 12 abu na farko da aka faɗa shine domin su zauna tare da shi, aikensu wa'azi daga baya ya zo. Sun ci tare da shi, sun shiga jirgi tare, sun gan shi ya gaji yana barci a kan matashi ana hadari, sun farka da asuba sun tarar ya riga ya fita addu'a. Ko addu'ar da muke haddacewa tun muna makarantar Lahadi, a Luka sura 11 sai da suka ga yana addu'a ya gama sannan ɗayansu yace koya mana. Gani ya kori ji. Maganar makarantar Baibul kuwa, a Ayyukan Manzanni 4:13 manyan majalisa sun dubi Bitrus da Yohanna suka ga ba masu karatu bane, talakawa ne kawai, abin da suka gane a jikinsu shine mutanen nan sun zauna da Yesu. Ba ina raina karatu bane, ni malamar firamare ce har na yi ritaya, amma ba shi aka tambaye ka ba.

Kalmar ma da aka zaɓa mana a fassara, almajiri, yau in an faɗe ta yaro da kwano ne ke zuwa ran mutane, alhali asalinta daga Larabci take, mutumin da ya bar gida ya tafi wurin malami ya zauna gindinsa, ya yi masa noma ya ɗebo masa ruwa yana ɗaukar karatu da hali a lokaci ɗaya. Maƙwabtanmu Musulmi sun san wannan ma'anar sarai. Mu ne muka wayi gari muka mayar da almajiranci kwas na sati 6 a raba satifiket a ɗauki hoto kowa ya kama gabansa.

Ni da kake gani wadda ta riƙe ni ko sunanta bata iya rubutawa ba. An kawo ni amarya garin da ban san kowa ba shekarata bata kai 20 ba, sai wata tsohuwa 'yar Zumuntar Mata da ke bayan gidanmu ta fara leƙo ni, yau tace zo ki taya ni ɓarar gyaɗa gobe tace zo muje gaishe da mara lafiya, ayoyinta duk a ka suke yawanci daga waƙoƙi ta kwashe su. Bata taɓa cewa yau darasinmu gafara ba. Amma da idona na ga ta dafa tuwo ta sa ni na ɗauka muka kai wa ƙanen mijinta yana kwance ba lafiya, mutumin da ya ƙwace mata gona bayan mijin ya rasu, muna dawowa nace Mama ai ni ba zan iya ba, tace nima ba iyawa nayi ba 'yata, kaiwa dai nayi. Da na yi ɓari kuwa kwana 7 tana kwana ɗakina kuma in ka tara maganar da tayi a kwanakin nan bata cika cokali ba. Wa'azi nawa na ji a rayuwata, na manta yawancinsu, tuwon nan ban manta ba.

Mu nan Zariya ma misalin a ƙofar gida yake. Likita Miller, Bature na mishan ɗin CMS na cocin Anglican, shekaru da yawa yayi a cikin birni kuma mutanen da suka bi basu da yawa, yara ne 'yan kaɗan da suka zauna a gidansa suna ci suna karatu a gabansa, har aka koma Wusasa a 1929. Cikin wannan ƙaramar jama'a aka sami Dakta Barau Dikko likita na farko a Arewa, nan Janar Gowon ya tashi babansa yana aikin bishara, kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 Miller na cikin manyan waɗanda suka yi aikinsa. Ba ina cewa komai na turawan zamanin daidai bane, suna da nasu taurin kan, amma dai ba da lasifika aka gina wurin ba.

To yanzu me zaka yi. Daina zaman nan na kai da shi a benci kamar ɗan sanda da wanda ya kamo, dole ya danna waya, ko nice zan danna. Kira shi shago. Yaron da ya bar shaye-shaye babu abin da ke jan shi baya kamar zaman banza da tsofaffin abokai, in hannunsa na kan ƙarfe daga safe zuwa yamma ka rage masa rabin jaraba, in shagon ba naka bane ka roƙi oga. Amma in yayi aiki a ba shi ɗan abin sabulu, kar a ce almajirantarwa ake yi alhali yaron shago aka samu kyauta. Lokacin cin abinci ku ci kwano ɗaya, a nan magana ke fitowa da kanta, zaka ji labarin gidansu da wanda ya fara ba shi ƙwaya da abin da ke hana shi barci.

Karatun kuma kar a bar shi, sai dai a rage tsawo. Ku ɗauki Markus, sura 16 ce kawai ita ce mafi gajarta cikin bisharun kuma labari ne a kan labari, ku ɗauki guda ɗaya a rana shi ya karanta ba kai ba, da Hausa ko Turanci duk wanda ya fi shiga kansa, in karatun na ba shi wuya tunda yana son waya ka sa masa na saurare a ciki, akwai na Hausa. In ya gama ka tambaye shi me ya ba shi mamaki a nan, sai kayi shiru ka jira, shirun ba zai kashe ka ba. In ya jefo tambayar da ta fi ƙarfinka kace ban sani ba mu tambayi fasto ran Lahadi, wannan amsa ce mai kyau, ta fi ƙirƙira. Addu'a ma ka bar shi yayi ko jimla biyu ce. Ajin baftisma aikin ekklisiya ne ka kai shi a rubuta sunansa, kai naka shine ranar Litinin zuwa Asabar.

Fushinka kuwa, ai zai gani ko ka so ko ka ƙi, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wata rana kwastoma zai ƙi biyanka ka daka masa tsawa a gaban yaron. Abin da nake so ya gani shine abin da ya biyo baya, ka kira mutumin kace kayi haƙuri na yi ba daidai ba, ka juyo kace wa yaron ka ga abin da nake fama da shi kenan, ka riƙa sa ni a addu'a. Ranar zai gane cewa ashe mai bi yana faɗuwa ya tashi, domin yanzu haka abin da ke cin ransa kenan, yana ganin ku 'yan kwaya da fararen riguna kamar ba kwa zunubi shi kaɗai ne ƙazami.

Kuma ka sa a ranka tun yau zai iya komawa ya sha, ba fata nake ba. Ranar da ka kira sau 3 bai ɗauka ba kar ka tura masa aya ta WhatsApp, tashi ka je gidansu, zumunta a ƙafa take. Galatiyawa 6:1 tace a komo da irin wannan da tawali'u kana lura da kanka kai ma. Kar kuma in ji ka kai maganarsa gaban kwaya wai a taya shi da addu'a, gulma ce ta sa rigar coci, in ya ji asirinsa a bakin wani ka rasa shi kenan. Fasto kaɗai, shi ma ka gaya wa yaron zaka faɗa. In ka ga abin ya kama jiki, rawar jiki da rashin barci da zufa in bai sha ba, wannan ya wuce nasiha, ku nemi iyayensa a kai shi asibiti, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa nan kusa da ku. Addu'a da asibiti basa faɗa, Luka da ya rubuta bishara likita ne.

Abu ɗaya zaka koma wurin fasto ka faɗa, kace Baba na karɓa, amma ni wa zai riƙe ni? A 2 Timoti 2:2 hawa 4 ne, Bulus ya ba Timoti, Timoti ya ba amintattun mutane, su kuma su koya wa waɗansu, kaga ba wanda ke tsaye shi kaɗai a layin. A haɗa ka da wani dattijo da zaka riƙa zuwa wurinsa ko sau ɗaya a wata. Ka rubuto min bayan Ista in ji inda kuka kai.

TAMBAYA: Mama ina wuni. Ni 'yar Zumuntar Mata ce daga Kaltungo. Na ɗauko wata yarinya marainiya daga ƙauye ta zauna gidana shekara 4, ni na koya mata addu'a ni na tsaya mata ranar baftisma ni na biya mata kuɗin WAEC. Yanzu ta sami makaranta a Gombe ta shiga wata sabuwar coci, matar faston can take kira mamanta cikin Ubangiji har tana sa hotonta a Facebook, ni kuwa sai ta yi wata biyu bata kira ni ba. Raina ya ɓaci sosai har na ce ba zan ƙara riƙon ɗan kowa ba. Laifi ne?

AMSA: 'Yata sannu, abin da ciwo ba zan ce miki babu ba, nima an yi min. Bulus da kansa yana kurkuku yana rubuta wa Timoti wasiƙa ta biyu sai da ya ambaci Dimas da ya bar shi, in kin karanta wurin zaki ji muryar tsoho mai kaɗaici. Saboda haka jin zafin ba zunubi bane.

Amma tunda kin kawo min magana zan taɓa inda ba ki so. A wasiƙarki na ƙirga ni na, ni na, ni na har sau 3. Ina so ki zauna ke kaɗai ki tambayi kanki a shekara 4 ɗin nan wa ke tashi da asuba ya share tsakar gida ya ɗebo ruwa ya yi wanke-wanke, ita kaɗai ko tare da 'ya'yan cikinki? Ran Kirsimeti atamfa iri ɗaya aka ɗinka musu? In an yi baƙi ce musu kike ga 'yata ko ga yarinyar da ke wurina? Ban san gidanki ba ƙila kin yi adalci ɗari bisa ɗari, Allah ya sa haka. Sai dai na daɗe a Zumunta na ga yadda muke yi, mu ɗauko marainiya muce aikin Ubangiji ne, a ƙasa kuwa 'yar aiki muka samu ba albashi, ita kuma yarinya ba wawiya bace tana gani tana shiru, ranar da ta sami inda aka rungume ta ba tare da an miƙa mata tsintsiya ba sai ta manne. In akwai ko kaɗan na wannan ki neme ta ki ce ta yafe miki, girmanki ba zai zube ba.

In kuma babu, to ki ji wannan. Yarinyar ba taki bace tun farko, ajiya ce. Mutanen Korinti sun yi irin wannan rigimar wani yace ni na Bulus ne wani yace ni na Afolos ne, Bulus yace shi ya shuka Afolos yayi ban ruwa Allah ne ya sa ya girma. Ke kika shuka, yanzu wata na ban ruwa, haushin me? Yohanna Mai Baftisma da bakinsa ya nuna wa almajiransa biyu Yesu suka bar shi a tsaye suka bi bayansa, ɗayansu Andarawus ne wanda ya je ya kawo Bitrus. Da ya riƙe su gam yana lissafin farar da zumar da ya ciyar da su fa?

Abin da ya kamata ya dame ki ba hoton Facebook bane, wace irin coci ce. In ana buɗe Littafi ana koyar da shi yadda yake ki gode wa Allah ɗalibar da ta je birni ta nemi coci da ƙafarta, wasu ai ko ƙofa basa sake takawa. In kuwa irin wuraren nan ne da ake sayar da mai da ruwa a kwalba ana ce wa yara duk danginku na ƙauye mayu ne ku yanke hulɗa da su, to wannan shirun nata na wata biyu yana da wata fassara kuma sai kin bi a hankali, kuma ba zaki san ko wanne bane in kina gida kina fushi. Kaltungo zuwa Gombe ba nisa, ki shiga mota ki kai mata ɗan garin kunu da ƙuli-ƙuli, ki bi ta cocin ran Lahadi ki zauna ki ji da kunnenki, ki gaishe da matar faston ki ce na gode da kike duba min ita. Kar ki ambaci kuɗin WAEC, ko da wasa.

Batun ba zaki ƙara riƙon ɗan kowa ba kuwa, bar shi ya kwana tukuna. Markus ɗin da Bulus ya ƙi tafiya da shi har suka rabu da Barnaba a kansa, shine a ƙarshe yake cewa a kawo min shi yana da amfani a gare ni. Yara suna dawowa, yawanci sai sun yi aure sun haihu sannan su tuna wa ya koya musu ɗaura zani.

TAMBAYA: Mama ni shugaban matasa ne a cocinmu a Bauchi, ina da aure da yara 2. Akwai wata 'yar'uwa budurwa da take cikin damuwa ina ƙarfafa ta da Maganar Allah ta WhatsApp, wani lokaci har 12 na dare saboda lokacin take samun sukuni. Matata ta tada rigima tace in daina. Ni kuwa zuciyata ɗaya. Ya zan fahimtar da ita?

AMSA: Ɗana ba ita za a fahimtar ba, kai ne. Matarka ta fi ka gaskiya. Na yarda zuciyarka ɗaya yau, duk waɗanda na gani an dakatar a gaban ekklisiya da zuciya ɗaya suka fara, ba wanda ya tashi da safe yace bari in rusa gidana. Kuma ko taka ɗaya ce ka san tata? Yarinya tana cikin damuwa ga namiji mai saurarenta da tsakar dare yana ce mata kar ki damu ina tare da ke, me kake tsammani zai tsiro?

Littafi bai bar mu cikin duhu ba a nan. Titus sura 2 tsofaffin mata aka ba aikin koya wa 'yan mata, Titus ɗin ma da yake shugaba ba a ce ya yi da kansa ba. Afolos da ya zo Afisa yana wa'azi da saura a saninsa, Akila da matarsa Biriskila, wadda wata fassarar ke kira Bilkisu, su biyu suka ja shi gefe suka gyara masa, miji da mata tare. To kai ma haka, ka gaya wa 'yar'uwar daga yau madam ce zata riƙa magana da ke ko kuma ga Mama wance a Zumunta, in tana son shawararka ta zo gida da rana matarka na zaune a falo. Kar ka yanke ta kawai ba bayani kamar ita tayi laifi, kai ne babba kai ka bari abin ya kai 12 na dare.

In ta ce ita dai kai take so ba madam ba, ka sami amsarka. Yau da dare kuma ka cire lambar sirrin wayar ka miƙa wa matarka ta karanta hirar tun daga farko, in ka ji gabanka ya faɗi da na faɗi haka to ka riga ka san sauran.

Mai tambaya daga Zonkwa kan kuɗin aure da iyayen yarinya suka tsawwala, na ga saƙonka, wuri ne ya ƙare, sai wata mai zuwa in Ubangiji ya kai mu.